Yadda Aka Kafa Aikin Jinyar Masu Ciwon Ajali a Ƙasar Yuganda

A farkon shekara ta 1993, mutumin da ciwon daji ya ci ƙarfinsa a ƙasar Yuganda ba shi da wurin zuwa sai gida. Likita yakan duba shi, in ya ga abin ya wuce aikin wuƙa, sai ya sallame shi, ya ce wa danginsa babu sauran abin yi. Su kuwa su ɗauke shi su koma ƙauye da 'yan ƙwayoyin asfirin ko fanadol, waɗanda ba su taɓa irin wannan azaba ko kaɗan. Daga nan sai jiran ranar. Maƙwabta sukan ji kukansa da dare, wani lokaci kuma warin gyambo yakan sa a keɓe shi a wata bukka can gefe, ba don rashin ƙauna ba, sai don masu jinyar sun rasa yadda za su yi.

Ƙasar kanta a jigace take a lokacin. Mulkin Idi Amin daga 1971 zuwa 1979, da yaƙe-yaƙen da suka biyo baya har 1986, sun kori likitoci da yawa, sun bar asibitoci kango. Kafin a farfaɗo sai ga ƙanjamau, wadda mutanen wurin suke kira silim saboda yadda take ramar da mutum. Cutar ta zo da wani ciwon daji na fata mai suna Kaposi, ta cika gidaje da samari da 'yan mata masu jiran mutuwa. Na'urar kobalt ta gashin ciwon daji a babban asibitin Mulago sai 1995 aka kafa ta, ita ɗaya tak ta yi ta ɗawainiya da ƙasar har ta lalace a 2016.

A cikin wannan hali ne aka fara aikin da ake kira Hospice Africa Uganda. Kalmar hosfis ta fito daga wata kalmar Latin wadda take nufin baƙo, take kuma nufin mai masauki. A zamanin dā a Turai, hosfis masauki ne da masu ibada suke buɗewa a bakin hanya domin matafiya da marasa lafiya. Wadda ta sabunta kalmar ita ce Cicely Saunders ta Ingila. Ta fara da aikin nas, ta koma aikin kula da walwalar majinyata, daga baya ta zama likita a 1957. A 1948 wani Bayahude ɗan Folan mai suna David Tasma, wanda ta yi ta ziyarta yana kan gadon mutuwa, ya bar mata fam 500 domin gidan da take mafarkin ginawa. Shekara 19 ta yi tana tara sauran kuɗin da masu goyon baya kafin ta buɗe St Christopher's a kudancin Landan a 1967. Abu biyu ta koyar waɗanda suka canja jinyar masu mutuwa. Na fari, azabar mai ciwon ajali ba ta jiki kaɗai ba ce, akwai ta zuciya, da ta damuwar iyali, da ta ruhu, dukansu kuwa a cuɗe suke. Na biyu, ba a jira sai ciwo ya taso kafin a ba da magani. Ana ba da shi bisa agogo, domin kada ciwon ya sami zarafin dawowa.

Wannan koyarwa ta iso Afirka a 1979, sa'ad da Maureen Butterfield, wadda 'yarta ta rasu da ciwon daji, ta kafa Island Hospice a birnin da yanzu ake kira Harare. Afirka ta Kudu ta bi baya, sa'an nan Nairobi a 1990. Likitar farko da ta shugabanci aikin magani a hosfis na Nairobi ita ce Anne Merriman, ita ce kuwa tushen labarin Yuganda.

An haife ta a Libaful ta Ingila a 1935, a gidan 'yan Katolika masu asali da Ailan. Tana yarinya ƙanenta ya rasu da ƙari a ƙwaƙwalwa. Da ta girma ta shiga ƙungiyar sistoci masu aikin asibiti ta Medical Missionaries of Mary a Ailan, su ne suka tura ta karatun likita a Dublin, ta gama a 1963. Aikinta na fari a Nijeriya ne, a asibitocin mishan na kudu maso gabas, kuma duka-duka ta yi wajen shekara 10 a ƙasar. Bayan shekara 20 ta bar ƙungiyar sistocin, ta koma Libaful ta ƙware a jinyar tsofaffi, daga nan ta tafi koyarwa a Malesiya da Singafo. A Singafo ne ta ga ana sallamar masu ciwon daji su koma gida cikin azaba, sai ita da wasu nas-nas suka fara bin su gida-gida bayan an tashi aiki. A can ne kuma, tare da masu haɗa magani na asibitin jami'a, aka tsara wani haɗi mai sauƙi: garin mofin, da ruwa, da ɗan abin da zai hana shi lalacewa. Babu allura, babu ƙwaya mai tsada. Wannan haɗin ta kawo Nairobi.

Abin da ya fitar da ita daga Nairobi takarda ce. Cicely Saunders ta roƙe ta ta rubuta labarin aikin a mujallar Contact, wadda sashen kiwon lafiya na Majalisar Ikkilisiyoyin Duniya yake bugawa, ana kuma aika ta asibitocin mishan ko'ina. Da labarin ya fita, wasiƙu suka yi ta zuwa daga ƙasashen Afirka dabam-dabam, kowa yana cewa halin da aka kwatanta shi ne nasu, a zo a taimake su. Merriman ta ga ba za ta iya zuwa ko'ina ba. Shawarar da ta yanke ita ce a kafa aiki guda ɗaya a ƙasa ɗaya, mai arha, wanda ya dace da zaman mutanen Afirka, domin sauran su zo su gani su koya. Ta zagaya wasu daga cikin ƙasashen tana dubawa, sharaɗinta kuwa guda ne wanda ba ta sassauta ba: in gwamnati ba ta yarda a shigo da garin mofin ba, ba za ta fara ba, gama ta ga babu amfani a zauna kusa da mai kururuwa ana yi masa ta'aziyya alhali akwai abin da zai kwantar masa da ciwon. Ministan lafiya na Yuganda, Dokta James Makumbi, ya yarda nan take. Saboda haka Yuganda ta samu.

Farkon abin ƙarami ne ƙwarai. Kuɗin da ke hannu na wata 3 ne. Sistocin asibitin Nsambya a Kampala suka ba da aron wani gida mai ɗaki biyu, aka sami kyautar tsohuwar Land Rover, ma'aikatan kuma ba su kai yatsun hannu ɗaya ba, cikinsu har da Fazal Mbaraka, nas daga Kenya. A wurin wanke kwanuka na kicin ake haɗa maganin, a ɗura shi a kwalaben ruwan sha da aka wanke. Ana sa masa launi irin na kek domin kada a ruɗe: kore shi ne mai sauƙi, miligiram 5 cikin mililita 5, ja kuma ya ninka shi sau 10. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san kore, ta san ja, ta san inda aka yi mata alama a jikin sirinjin awo. Ana sha kowane awa 4, da dare a ninka domin majinyaci da mai jinya su sami barci. An lissafta a lokacin cewa maganin kwana 10 bai wuce kuɗin burodi ɗaya ba. A 1994 aikin ya koma gidansa na kansa a unguwar Makindye, da taimakon da ya zo daga Ailan.

Mai karatu zai so ya lura da wani abu a nan, domin a kansa dukan sauran ya tsaya. Hosfis na Kampala bai gina ɗakin kwantar da majinyata ba. A Landan, St Christopher's ya buɗe da gadaje 54, amma gado abu ne mai cin kuɗi, yana bukatar nas dare da rana, da abinci, da wanki, kuma mutum ɗaya yake ɗauka. Ban da haka, da aka tambayi majinyatan kansu, yawancinsu gida suke so su ƙare kwanakinsu, kusa da 'ya'yansu da wurin da za a binne su. Binciken da Dokta Ekiria Kikule ta yi a Kampala, wanda aka buga a 2003, ya tabbatar da haka, ya kuma nuna cewa bayan ciwo, abin da ya fi damun su shi ne rashin abin shigowa tun da cuta ta kwantar da mai nema. Don haka motar ce take fita kowace safiya da nas da akwatin magani. Gadon na iyali ne, hannun da yake juya majinyaci da dare na 'yarsa ne ko kishiyar uwarsa. Aikin hosfis shi ne ya koya musu, ya kawo abin da ba su da shi, ya dawo ya duba.

Sun kuma yi amfani da abin da ke tsakar gida. Mofin yana ɗaure ciki, wannan ba makawa, maganin sakin ciki na kanti kuwa da tsada, sai aka koma ga 'ya'yan gwanda, a shanya su a daka a sha. Gyambon da yake wari har ya kori mutane daga ɗaki, ana niƙa ƙwayar metronidazol a barbaɗa a kai, cikin 'yan kwanaki warin ya ragu, jikoki su dawo su zauna. Wanda bai taɓa jinyar irin wannan ba zai ɗauka ƙaramin abu ne.

Babban abokin gāba a shekarun fari tsoro ne, tsoron kuwa na likitoci ne. An koya musu a makaranta cewa mofin yana sa jaraba, yana tsayar da numfashi, wasu har suna cewa baƙuwar likitar ta zo ne ta gaggauta wa mutane mutuwa. Dokokin duniya kan miyagun ƙwayoyi, tun yarjejeniyar 1961, sun sa kowace gwamnati ta fi kula da tsarewa fiye da samarwa, ko da yake Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarinta na matakai uku na maganin ciwo tun 1986, mofin na sha yana mataki na uku. Merriman ba ta tsaya jayayya da manya kawai ba. Ta nemi izini ta shiga koyar da ɗaliban likita na Jami'ar Makerere tun suna aji, tana kai su gidajen majinyata su gani da idonsu yadda wanda jiya yake birgima yau yake zaune yana cin abinci yana shirya wasiyyarsa. Ɗalibin da ya ga haka, ba a sake tsorata shi da labari.

Amma baƙuwa tana da iyakar inda muryarta take kaiwa, ita ma ta san haka. Wanda ya ɗauki maganar zuwa ofisoshin gwamnati shi ne Dokta Jack Jagwe, babban likita ɗan ƙasa wanda ya daɗe a aikin gwamnati, ya san dokokin magunguna, manya kuma suna jin nauyinsa. Shekara da shekaru ya yi yana bin jami'an ma'aikatar lafiya, da 'yan sanda, da masu kula da magunguna, gunduma bayan gunduma, yana bayyana musu bambanci tsakanin ruwan mofin mai rauni da ake ba mai ciwon daji da abin da 'yan maye suke nema. Sakamakon ya zo a hankali. Gwamnati ta sa jinyar sauƙaƙa azaba cikin tsarin lafiya na ƙasa da ya fara a 2000, ta ɗauki nauyin ba da mofin kyauta ga wanda aka rubuta masa. A 2004 kuma aka yi abin da babu ƙasar da ta riga ta yi: aka gyara doka domin nas da jami'in asibiti da suka yi horo na musamman na wata 9 su iya rubuta mofin da kansu. Dalilin a fili yake. Likitoci a birni suke, masu mutuwa kuwa a ƙauye, dokar da ta ce sai likita ta zama daidai da dokar da ta ce babu. Daga cikin nas-nas ɗin da suka riƙe wannan aiki akwai Rose Kiwanuka, wadda ake ɗauka ita ce nas ta fari 'yar Yuganda a wannan fanni, daga baya ta shugabanci ƙungiyar masu wannan aiki ta ƙasa, wadda aka kafa a 1999.

A 1998 aka buɗe rassa biyu. Na Mbarara a kudu maso yamma an kafa shi kusa da jami'ar garin domin ɗaliban likita na can su ma su koya. Na Hoima kuwa, wanda suke kira ƙaramin hosfis, a wani shago aka fara shi da gangan, domin a nuna cewa rashin gini ba hujja ba ce.

A irin waɗannan wurare ne aka gane cewa mota ba ta isa ba. Majinyacin da ya fi bukata sau da yawa shi ne wanda babu wanda ya san da shi, yana kwance a ƙarshen wata 'yar hanya da mota ba ta bi, iyalinsa sun riga sun fid da rai, ko kuwa suna jin kunyar cutar. Sai aka koma ga jama'a. Shugabannin ƙauye da na wuraren sujada sukan zaɓi mutumin da aka amince da shi, namiji ko mace, manomi ko malamin makaranta, a ba shi horo na 'yan kwanaki, a ba shi keke. Ba a biyansa albashi. Shi ne yake jin labari a kasuwa ko bayan sujada cewa wance ta kwana biyu ba ta fito ba, ya je ya duba, ya aika wa nas. Shi ne yake koya wa iyali wankan majinyaci da juya shi, ya lura ko ana shan magani kan lokaci, ya sanar in kwalba ta kusa ƙarewa. Nas takan zo ta tafi, shi kuwa a garin yake kwana. An kuma kira masu maganin gargajiya aka zauna da su, maimakon a yi gāba, gama wurinsu mutane suke fara zuwa, in sun gane alamar ciwon da ya fi ƙarfinsu za su iya turowa. Fastoci, da limaman Katolika, da limaman Musulmi su ma an yi musu bita. Ko da yake wadda ta kafa aikin Kirista ce mai riƙe da bangaskiyarta har ƙarshe, ƙa'idar gidan ita ce majinyaci baƙo ne, ba a tambayar addininsa kafin a karɓe shi, in ya nemi addu'a kuwa a kira masa nasa malamin.

Batun kuɗi shi ne wurin da labarin ba shi da daɗi sosai. Ana roƙon majinyaci ya ba da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, amma yawanci ba su da shi, ba a kuma mai da kowa baya saboda haka. Sau da yawa ma hosfis ne yake kawo garin masara da wake, domin ba a ce wa mai yunwa ya sha magani ya yi shiru ba, wani lokaci har da kuɗin makarantar marayun da aka bari. Kashin bayan asusun a shekarun fari wasu mutane ne a Libaful, abokai da 'yan ikkilisiya, waɗanda suka buɗe shagon gwanjo suna sayar da tsofaffin tufafi da kwanuka da littattafai suna aiko da ribar. Daga baya aka sami irinsu a Ailan, da Faransa, da Amurka. Manyan kuɗi sun zo ne ta ƙofar ƙanjamau, musamman bayan Amurka ta ƙaddamar da shirinta na yaƙi da cutar a 2003, aikin ya faɗaɗa da su. To, amma kuɗin da ya zo domin cuta ɗaya yana bin cutar ne. Da maganin rage ƙarfin ƙanjamau ya wadata daga 2004, masu ita suka tashi suka koma gona, abin godiya, sai ya zama yawancin waɗanda suka rage a hannun hosfis masu ciwon daji ne, mata masu ciwon bakin mahaifa a kan gaba, su kuwa ba su da wani babban asusu a duniya da aka ware domin su. Sa'ad da manyan tallafin suka janye, dole aka rage ma'aikata da tafiye-tafiye. Masu shagon gwanjo ba su janye ba.

Ta fuskar shugabanci, irin wannan aiki yana da wani haɗari da aka sani a mishan da yawa, wato ya rayu da mai kafa shi ya kuma mutu da shi. Merriman mace ce mai kafiya, wadda ba ta iya ɓoye ra'ayinta, kuma da wuya a ce aikin zai tsaya a 1993 ba tare da wannan hali ba. Duk da haka ta sauka daga shugabancin yau da kullum tun tana da ƙarfi, aka miƙa shi ga wasu, Dokta Kikule tana cikin 'yan ƙasa da suka riƙe shi, ita kuwa ta koma kula da horar da mutanen sauran ƙasashe, wanda shi ne nufinta tun asali. Sashen koyarwa ya girma ya zama cibiya mai ba da digiri tare da Jami'ar Makerere. Likitoci da nas-nas daga Nijeriya, da Kamaru, da Malawi, da Habasha, da Sudan, da wasu ƙasashe suka riƙa zuwa Kampala su yi makonni suna bin motar gida-gida, aka kuma buɗe darasi da Faransanci domin ƙasashen da suke aiki da shi. Ƙungiyar wannan aiki ta Afirka duka, wadda aka kafa a 2004, a Kampala ta sa hedkwatarta. A 2011, bayan wani yankewar magani da ya jefa majinyata cikin wahala, gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da hosfis ɗin ya riƙa haɗa ruwan mofin na ƙasar gaba ɗaya a Makindye, rumbunan magani na ƙasa su rarraba. A Nijeriya ma, inda Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta suka buɗe sashen wannan jinya a asibitin koyarwa na Ibadan a 2007, hanyar garin mofin da ruwa ita aka bi.

A 2015 wata cibiyar bincike ta mujallar Economist ta jera ƙasashe 80 bisa ga yadda suke kula da masu mutuwa. Yuganda ta zo ta 35, a gaban ƙasashe da yawa da suka fi ta arziki nesa ba kusa ba, Nijeriya kuwa ta 77. Amma lissafin da masu aikin a Yuganda suka yi ta ambata wajen 2020 shi ne, cikin mutum 100 da suke bukatar wannan jinya a ƙasar, kimanin 11 ne suke samu. Akwai gundumomin da nas mai izinin rubuta mofin ɗaya ce tak, in aka canja mata wurin aiki, kwalaben su tsaya a kan kanta.

Anne Merriman ba ta koma Ingila ba. Ta zauna a Kampala, aka gabatar da sunanta domin lambar zaman lafiya ta Nobel a 2014, ta ci gaba da karɓar ɗalibai a gidanta har ƙarfinta ya ƙare. Ta rasu a gida ran 18 ga Mayu 2025, kwana 5 bayan ta cika shekara 90, a hannun mutanen da ta horar.